Kasafi daban, kashewa daban: yadda za ka bi diddigin kuɗin tsangayoyin jami'a

A ƙarshen kowace kwata akwai takardar da ofishin bursa ke turo wa shugabannin tsangayoyi, layi uku ne a tsaye, abin da aka ware, abin da aka kashe, sai bambancin da ke tsakani. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, a ga Injiniya ta zarce sai a hau faɗa, a ga Adabi ta bar ragowa sai a yaba mata. To gaskiya layin nan na uku shi kaɗai ba ya faɗa maka komai, wani lokacin ma ɓatar da kai yake yi. Ainihin aikin shi ne ka fara gyara lambobin biyu na farko su zama da mudu ɗaya aka auna su, sannan ka fasa bambancin gida-gida ka ga me ya haife shi. Wanda aka ɗora wa wannan aikin nake wa magana, akantan tsangaya ne, ko shugaban sashen da bai karanci lissafin kuɗi ba amma kujera ta tilasta masa, ko ɗan kwamitin kuɗi. Lambobin tsangayoyin da zan kawo duk na misali ne, ka ɗauke su a kowane irin kuɗi kake so.

Mataki na farko: wane kasafin ma ake magana?

Tambayar kamar ta raini amma a nan ake fara rikicewa. Akwai kasafin da majalisar gudanarwa ta amince da shi a farkon shekara, akwai kuma wanda ya koma bayan an yi ƙari, an yi ragi, an ɗebo kuɗi daga wannan layin an kai wancan. Idan ka gwada abin da aka kashe da na biyun kawai, komai zai fito tsaf, don ai an riga an bi kashewar an gyara kasafin ya dace da ita. Idan kuma na farkon kawai ka riƙe za ka shafa wa shugaban tsangaya kashin kaji kan kuɗin da hukuma da kanta ta ƙara masa a tsakiyar shekara. Saboda haka ka ajiye duka biyun gefe da gefe, kowane canji kuma ka rubuta ranarsa da wanda ya sa hannu. Ba ra'ayina ba ne kawai, ƙa'idar lissafin kuɗin hukumomin gwamnati ta duniya mai lamba IPSAS 24, wadda ta fito a 2006, ta nemi duk hukumar da ke bayyana kasafinta ga jama'a ta nuna shi kusa da abin da ta kashe a kan ma'auni ɗaya, ta bayyana dalilin manyan bambance-bambancen, ta kuma faɗi me ya sa kasafin ƙarshe ya saɓa da na farko. Ko jami'arku ba ta ƙarƙashin wannan ƙa'idar, tsarin ya cancanci a ara.

Ka kuma tabbatar da shekarar da ake magana. Jami'o'in Birtaniya shekarar kuɗinsu daga 1 ga Agusta take zuwa 31 ga Yuli, da yawa a Amurka daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, wato dai kusan tafiya ɗaya da shekarar karatu. Amma akwai masu bin Janairu zuwa Disamba, su kam shekarar karatu ɗaya tana iya faɗawa cikin shekarun kuɗi biyu, in ba ka lura ba sai ka raba kuɗin bana da yawan ɗaliban bara.

Mataki na biyu: kowane sashe ya san gidansa

Ka fitar da jerin lambobin asusu na dukkan sassa daga manhajar lissafin jami'a, ka yi wani ɗan tebur daban mai layi biyu, lambar sashe da tsangayar da yake ciki. Aikin minti talatin ne in an yi sa'a, in ba a yi ba kuwa sai ka tarar an ɗauke sashen Kwamfuta daga Kimiyya an mayar da shi tsangaya mai zaman kanta a tsakiyar shekara, kasafinsa yana tsohon gida kashewarsa tana sabo, Kimiyya ta fito da rara ta bogi sabuwar tsangayar kuma ta fito kamar ba ta da ko sisi. Ka mayar da duka biyun wuri ɗaya kafin ka ci gaba.

Idan kwatancen zai fita wajen jami'arku kada ka dogara da sunan tsangaya, don Tattalin Arziki a wani wuri yana Kimiyyar Zamantakewa a wani wurin yana makarantar kasuwanci. UNESCO tana da rabe-raben fannonin ilimi mai suna ISCED-F 2013, manyan gidajensa sun haɗa da ilimin koyarwa, fasaha da adabi, kimiyyar zamantakewa da jarida, kasuwanci da shari'a, kimiyya da lissafi, fasahar sadarwa, injiniya da gine-gine, noma da likitancin dabbobi, lafiya, sai ayyukan hidima. Ka ƙara layi na uku a ɗan teburin ka sa kowane sashe a gidansa, shi ke nan.

Mataki na uku: me ake nufi da "an kashe"?

Wannan shi ne inda zan ce ka zauna da kyau. Kuɗi yana bin zango uku kafin ya fita. Ana ba da takardar oda ga ɗan kwangila, a nan kuɗin ya ɗauru duk da ba a taɓa shi ba. Sai kaya su iso ko a gama aikin a kawo takardar neman biya, a nan ya zama bashi a kan jami'a. Sai kuma ranar da aka biya a banki. Wasu jami'o'in ba sa rubuta abu a matsayin kashewa sai an biya, wasu suna rubutawa tun ranar da kayan suka iso, to ka tambayi ofishin bursa wanne rahoton da suka ba ka yake bi, ka kuma tambaya shi kasafin a kan wanne aka gina shi, don in suka saɓa duk lissafin da za ka yi a gaba ya tashi a banza.

Ko wanne ake bi, ka nemi jerin odar da aka bayar ba a rufe ba, ka ba ta layinta na daban a tebur. Ga dalili. A ce Likitanci an ware mata miliyan 200, rahoto ya nuna ta kashe 190, kowa ya ce madalla ta bar 10. Sai ka buɗe jerin oda ka ga akwai na'urorin miliyan 14 da aka yi oda suna kan hanya. Ke nan ba rarar 10 gare ta ba, zarcewar 4 ce ke jiran ta. Fannonin da ke sayen kayan gwaje-gwaje daga nesa su suka fi wannan matsalar saboda tsakanin oda da isowar kaya watanni ne, shi kuwa sashen Tarihi odarsa ba ta da yawa. Sai dai jerin odar ma yana buƙatar shara, za ka samu tsofaffin oda da aka fasa ba a soke a manhaja ba suna nan sun riƙe kuɗi, ka tura wa kowane sashe nasa su ce maka wacce ke raye.

Mataki na huɗu: kada ka raba shekara gida 12 daidai

In rahoton na rabin shekara ne, hanya mafi sauƙi ita ce a raba kasafi biyu a ce ga abin da ya kamata a kashe zuwa yanzu. Albashi kaɗai ke tafiya kusan haka, shi ma ƙarin girma da ƙarin mataki suna karkata shi. Sauran kuwa kowanne da lokacinsa. Kuɗin rajistar mujallun bincike da lasisin manhajoji sau ɗaya ake biya a dunƙule, kuɗin jarrabawa da na masu duba jarrabawa na waje a ƙarshen zango yake fitowa, fita fili na ɗaliban Noma da na Ilimin Duwatsu yana da lokacinsa, duba ɗaliban koyarwa a makarantun da aka tura su shi ma haka. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauko kashewar shekaru uku da suka wuce wata-wata na kowace tsangaya, ka fitar da kason da kowane wata ke ci a cikin jimillar shekara, ka ɗauki matsakaici, ka shimfiɗa kasafin bana a kai. In akwai shekarar da aka rufe makaranta ko wani abu ya hargitsa kalanda, kamar 2020 a yawancin duniya, ka cire ta.

Sai kuma ka ware kuɗin da ba na jami'a ba ne ta yi yadda ta so. Tallafin bincike da wata gidauniya ta ba wani malami, kyautar da aka ce lallai ta ɗakin karatu ce, kuɗin gini, duk waɗannan suna da sharaɗi kuma shekararsu ba lallai ta zo ɗaya da taku ba. Ka fitar da su tebur na daban. Idan ka cakuɗa, Kimiyya za ta fito kamar mai ɓarna alhali kuɗin wasu take kashewa bisa yarjejeniya, ko kuma ragowar tallafin ta rufe giɓin da ke cikin kuɗin koyarwa ba wanda ya gani. Haka ma manyan kadarori irin injin da zai yi shekara goma yana aiki, kada su zauna layi ɗaya da takarda da tawada.

Mataki na biyar: yanzu ka gina teburin

Excel ko Google Sheets ya isa. Ka zuba dukkan bayanan kashewa a shafi ɗaya ba tare da ka taɓa su ba, kasafi a wani shafin, sai shafi na uku inda SUMIFS ko PivotTable, kayan tara jimilla ne da ke cikin manhajar, zai tattaro maka. A kwance ka jera tsangayoyi, a ƙarƙashin kowacce ka fasa aƙalla gida biyar: albashin malamai, albashin sauran ma'aikata, malaman wucin gadi da alawus, kayan koyarwa da na gwaje-gwaje, sai tafiye-tafiye da sauran hidima. A tsaye kuma: kasafin farko, kasafin da aka gyara, kason da ya dace da wannan lokacin, abin da aka kashe, odar da ke buɗe, bambanci a kuɗi, bambanci a kashi cikin ɗari.

Lissafin ba wuya, kasafi a cire abin da aka kashe, sai a raba sakamakon da kasafin a ninka da 100. In ya fito da alamar ragi an zarce. A ɓangaren kuɗin shiga kuwa fassarar juyawa take, zarcewa alheri ne, don haka ka rubuta a saman tebur ƙarara me alamar ke nufi, kada a kwashe rabin taro ana gardama a kai. Kafin ka nuna wa kowa, ka haɗa jimillar teburinka ka gwada da jimillar babban littafin lissafi na bursa, in ba su zo ɗaya ba akwai lambar sashen da ta zame maka.

Mu ɗauki misalin ƙarshen shekara. Injiniya miliyan 120 aka ware ta kashe 132, ta zarce da 12, kashi 10. Adabi da Harsuna 60 ta kashe 54, ragowar 6, kashi 10. Shari'a 45 ta kashe 46, kashi 2 da ɗoriya. Likitanci 200 da 190, mun riga mun ga labarinta. Ba kowane bambanci za ka bi ba, in ka ce sai ka bi kowanne shekara za ta ƙare kana kan kwatar farko. Ka sa iyaka biyu, ta kaso da ta adadi, misali duk abin da ya haura kashi 5 kuma ya wuce wani adadin da kwamiti ya tsayar. Kaso shi kaɗai zai sa ka bin layin da aka ware wa dubu 20 aka kashe 30, adadi shi kaɗai kuma kullum manyan tsangayoyi zai riƙa nuna maka. Kuma fa ka duba cikin gidajen ba jimilla kawai ba, Shari'a da ta fito kamar lafiya lau tana iya kasancewa ta bar 5 a albashi ta zarce da 6 a malaman wucin gadi, wannan kuwa labari ne babba.

Mataki na shida: ɗalibai nawa aka yi zato, nawa suka zo?

Kasafi hasashe ne da aka gina kan wasu lambobi, babbar cikinsu yawan ɗalibai. Mu koma kan Injiniya. An yi kasafin 120 ne kan ɗalibai 800, sai 900 suka yi rajista. Ka raba kasafin biyu, wanda ba ya motsi ko ɗalibai sun ƙaru, kamar albashin ma'aikatan dindindin da kwangilar gyaran injuna, a ce 90, da wanda ke bin kan ɗalibi, kamar kayan aikin bita da na gwaji da takardun jarrabawa da masu taimaka wa a ɗakin gwaji, a ce 30. Raba miliyan 30 da 800, kowane ɗalibi 37,500. Ninka da 900, miliyan 33.75. Ke nan da an san 900 za su zo da kasafin 123.75 aka yi, saboda haka a cikin 12 ɗin nan 3.75 ba laifin kowa ba ne a tsangayar, ofishin ɗaukar ɗalibai ne ya buɗe ƙofa, kuma kuɗin makarantar ɗaliban 100 ɗin ya shiga asusun jami'a ko da bai biyo ta tsangayar ba. Abin da ya rage a yi bayani 8.25 ne.

Sai dai kada ka ɗauka wanda ba ya motsi har abada ba ya motsi. Ɗakin gwaji mai cin mutum 40, in aka samu 41 sai an buɗe rukuni na biyu da malami da mai kula da kayan aiki, wato kuɗin tsalle yake yi ba tafiya a hankali ba. Fannonin da hukumomin sana'a ke ƙayyade yawan ɗalibai ga kowane malami, irin likitanci da jinya da harhaɗa magunguna, su suka fi saurin wannan tsallen, shi kuwa babban ɗakin lacca ko an ƙara mutum 50 malami ɗaya ne dai.

Daga nan ka fasa manyan layukan kaya zuwa farashi da yawa. A ce an shirya sayen kayan gwaji guda 1,000 kan 5,000 kowanne, miliyan 5, sai aka sayi 1,100 kan 6,000, miliyan 6.6. Bambancin farashi shi ne ƙarin 1,000 a kan kowanne sau guda 1,100, miliyan 1.1. Bambancin yawa shi ne guda 100 sau tsohon farashi 5,000, rabin miliyan. Haɗa su ka samu 1.6 daidai. To ga abin lura, ɗalibai 900 bisa tsohon lissafi guda 1,125 ya kamata su ci, su kuwa 1,100 suka saya, wato tsimi ma suka yi, rabin miliyan ɗin kuma ya riga ya shiga cikin 3.75 na sama kada ka ƙirga shi sau biyu. Matsalar farashi ce, ita kuma maganarta ta ofishin saye ce, ko ta hauhawar farashi, ko ta canjin kuɗi in kayan daga waje suke. Irin wannan fasawar ce ke hana a hukunta mutum kan abin da ba ya hannunsa.

Sauran kuma ka buɗe jerin kashewar layi-layi ka jera daga babba zuwa ƙarami, guda ashirin na sama yawanci su ne labarin. A nan ake tsintar injin miliyan 5 da aka rubuta a kuɗin yau da kullum maimakon na kadarori, ko albashin malamin da ya koma wata tsangaya tun bara amma har yanzu daga tsohuwar ake cire masa, ko takardar biya ɗaya da ta shiga sau biyu.

Mataki na bakwai: ragowa ma a tuhume ta

Ni a ganina ragowar kuɗi ta fi zarcewa buƙatar ido, don zarcewa tana da masu bin ta, ragowa kuwa ba mai tambaya. Adabi ta bar 6. Ka duba sai ka ga 4.5 albashin guraben malamai ne da suka yi ritaya ko suka tafi ba a maye gurbinsu ba, 1.5 kuma littattafai ne da aka yi oda ba su iso ba. Ina tsimin yake? Babu. Kwasa-kwasan waɗancan malaman wasu ne suka ɗauka a kan nasu, ɗaliban digiri na biyu suna jiran mai duba aikinsu, sakamakon jarrabawa yana makara. Mafi muni kuma in aka zo kasafin baɗi aka ce ai 54 ta ishe su bara, sai a yanke, guraben su mutu ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar kashe su.

Akwai kuma ɗaya gefen. A jami'ar da duk abin da ya rage a ƙarshen shekara ake kwashewa ya koma tsakiya, za ka ga kashewa ta yi tsalle a watanni biyun ƙarshe, kujeru, kwamfutoci, taron bita, kowa na gudun kada a rage masa baɗi. Tsangayar da ta fito da bambanci sifili daidai ba lallai ta iya tsari ba, wataƙila ta iya ƙarar da kuɗi ne kawai. Zana kashewar wata-wata a jadawali za ka gani da idonka. Inda ake barin tsangaya ta tsallaka da wani kaso na ragowarta zuwa sabuwar shekara wannan rububin yana raguwa.

Mataki na takwas: kwatanta tsangaya da tsangaya

Sai yanzu ne ya halatta ka jera su. Kuma abin da za ka fara kwatantawa shi ne kason bambancin da ya rage bayan duk gyare-gyaren nan, wato wa ya fi kusa da shirinsa, ba wa ya fi kashe kuɗi ba. Tsadar fannoni daban take tun asali. Hukumar da ke raba wa jami'o'in Ingila kuɗin koyarwa a da, HEFCE, wadda aka rufe a 2018, ta daɗe tana amfani da rukuni huɗu: shekarun asibiti na likitanci da haƙori da likitancin dabbobi nauyinsu 4, fannonin ɗakin gwaji irin kimiyya da injiniya 1.7, masu ɗan aikin fili ko situdiyo 1.3, na aji zalla 1. Ba wai ka kwafi lambobin ba, na wurinsu ne da zamaninsu, amma sun nuna maka cewa in ɗalibin likita ya ci ninkin na Shari'a sau uku ba abin ɗaga murya ba ne. A Amurka ma Jami'ar Delaware ta fara wani nazari a shekarun 1990 da ke gwada kuɗin koyarwa fanni da fanni tsakanin jami'o'i, hikimarsa ita ce a gwada Kimiyyar Sinadarai da Kimiyyar Sinadarai ta wata jami'ar, ba da sashen Falsafa na maƙwabta ba.

In za ka fitar da kuɗin kowane ɗalibi, abu biyu. Ɗalibin wucin gadi mai ɗaukar rabin kwasa-kwasai rabin ɗalibi ne a lissafi. Na biyu kuma wanda ya fi cutar da wasu sassa, ka ƙirga wanda ake koyarwa ba wanda ya yi rajista a sashen ba. Sashen Lissafi yana iya zama da nasa ɗalibai 300 kacal, amma yana koyar da 1,200 na Injiniya da Kimiyya da Tattalin Arziki kashi ɗaya cikin biyar na karatunsu, wannan daidai yake da cikakkun ɗalibai 240. In kuɗinsa miliyan 54 ne, raba da 300 ya ba ka 180,000, raba da 540 ya ba ka 100,000. Dubi tazarar. Sassan Turanci da na darussan gama-gari duk haka ake musu. Ka nemi rajistar kwasa-kwasai daga ofishin jarrabawa, kuma abin da ka ƙara wa Lissafi ka rage shi daga tsangayoyin da suka turo ɗaliban.

Sai kuɗin tsakiya, wutar lantarki, ɗakin karatu, tsaro, intanet, ofisoshin gudanarwa. Wasu jami'o'in suna barin su a sama, wasu suna raba wa tsangayoyi bisa faɗin ginin da suke ciki ko yawan ɗalibai ko yawan ma'aikata, musamman masu tsarin da kowace tsangaya ke riƙe kuɗin shigarta ta biya nata kason, irin wanda Jami'ar Pennsylvania ta fara a shekarun 1970. In ana rabawa a wurinku ka nuna sakamako biyu, kafin rabon da bayansa, don shugaban tsangaya ba shi ya sa kuɗin wuta ya tashi ba kuma bai kamata a tsare shi a kan wannan ba. Albashin malamai ma ba duka na koyarwa ba ne, tsarin TRAC na Birtaniya yana raba lokacin malamai tsakanin koyarwa da bincike da sauran ayyuka saboda wannan dalilin, in ba ku da irinsa aƙalla ka rubuta a ƙasan tebur cewa kuɗin kowane ɗalibi ya haɗa da lokacin bincike.

Mataki na tara: ina za a kwana a ƙarshen shekara?

Rahoton tsakiyar shekara da bai faɗi wannan ba tarihi ne kawai. Ga kowace tsangaya ka haɗa abin da aka kashe zuwa yau, da odar da ke raye, da albashin watannin da suka rage bisa jerin ma'aikata na gaske har da waɗanda za a ɗauka da ranar fara aikinsu, da sauran hidimar da aka san tana tafe. Jimillar ka gwada da kasafin shekara. Kowane babban bambanci kuma ka sa masa ɗaya daga cikin alamomi huɗu: na lokaci ne zai daidaita da kansa, kuskuren rubutu ne a gyara a littafi, na sau ɗaya ne ba zai dawo ba, ko mai ɗorewa ne. Na ƙarshen nan kaɗai ya cancanci lokacin kwamiti.

Ka tura wa kowane shugaban tsangaya shafinsa mako guda kafin taro, shi da akantansa, kada ya fara ganin lambar a gaban takwarorinsa, in ka yi haka kare kai zai yi ba bayani ba. Tambaya uku ta isa a rubuce: me ya jawo, zai sake faruwa, me za a yi kuma wa zai yi zuwa yaushe. Kada ka karɓi amsa irin "kuɗin ne bai isa ba", a ce maka wane layi, nawa, saboda me. Shafin da zai je gaban kwamiti kuma kada ya wuce ɗaya, tsangayoyi a jere, bambancin farko, bambancin bayan gyara, hasashen ƙarshen shekara, da jimla ɗaya ta bayani a gaban kowacce.

Daga ƙarshe ka ajiye teburin nan ka jera na shekaru uku ko huɗu. Layin da ke zarcewa kowace shekara a tsangaya ɗaya ba matsalar kashewa ba ce, kasafin ne ake yi ba daidai ba, galibi saboda ana ɗauko na bara a ɗora masa wani kaso a wuce. Lokacin shirya na baɗi ka kai wa kwamiti jerin waɗannan layukan da matsakaicin abin da suke ci a zahiri, da jerin guraben da ba a cike ba don a yanke hukunci a kan kowanne a fili, a cike shi ko a soke, sannan a rubuta a jikin sabon kasafin yawan ɗaliban da aka gina shi a kai da farashin manyan kayan da aka yi zato, don wanda zai yi wannan aikin baɗi ya samu abin da zai gwada da shi tun kwatar farko.